Sawun Gimbiya

Ranar Juma'a aka yi satar, da rana tsaka, lokacin da duk namijin da ke jin kunyar idon mutane a Malbaza yake cikin sahu. Da Alhaji Lurwanu ya dawo daga masallaci, sai ya tarar da tagar baya ta buronsa, wato ofishinsa, a ɓalle, kabad ɗin gilashi a wangale, babu ko mota ɗaya a ciki. Waɗanda suka gani sun ce nan ya zube ƙasa da babbar rigarsa, ko salati ya kasa.

Baƙo zai ce mene ne abin zubewa, tunda manyan motocinsa masu jigilar siminti duk ga su nan a gareji. To, ba su aka sata ba. Abin da aka kwashe 'yan motocin wasa ne na ƙarfen zubi, tsofaffin ƙira, waɗanda in an sa musu pil, wato ƙananan batir ɗin nan, aka danna maɓalli, sai su yi jiniya ko ƙararrawa ko gurnanin inji. Shekara da shekaru Alhaji yana tara su, wasu daga Kano, wasu daga Lome, wasu daga hannun Turawa masu komawa gida. 'Ya'yan cikinsa ba su isa su taɓa su ba. Da kansa yake goge su da auduga, ya cire musu pil bayan kowane kuka don kada ya zubo ya ci ƙarfen. Ba a taɓa ganin ya kula da wani ɗan Adam haka ba.

A cikinsu akwai wadda ya raɗa wa suna Gimbiya, jar motar kashe gobara mai tsani a bayanta. Ita ce ta fari da ya mallaka, kuma tana da aikinta a gidan. Duk ranar da za a ba karen mota makulli ya zama direba, Alhaji zai sa mata sabon pil, ya ɗora ta a kan tebur, sabon direban ya danna da yatsansa. Jiniyarta ta karaɗe gareji, kowa ya san yau an yi direba. Mutum sau ɗaya yake taɓa ta a rayuwarsa, wasu kuma ba su taɓa samu ba.

Kafin a kira la'asar gari ya gama shari'a. Hamani ne, direban da aka fi ji da shi a gidan. Ranar Alhamis aka ji shi yana sa-in-sa da Alhaji a kan birkin motarsa da aka ƙi gyarawa, har ya ce a gaban mutane, “Da ran direba motar wasa na, da ka goge shi da audiga.” Ba a gan shi a masallaci ba. Ga kuma sawun takalminsa a ƙarƙashin tagar. Aka same shi yana barci a inuwar motarsa da zazzaɓi a jiki, aka jawo shi ta ƙafa. Alhaji bai ce a buge shi ba. Nuna shi kawai ya yi da yatsa ya ce, “Ga shi nan,” ya koma buro ya turo ƙofa. A cikin turmutsutsun wani ya ɗaga weji, guntun katakon nan mai nauyi da ake tare tayar mota da shi, ya sauke a bayan hannun daman Hamani. Da aka watse, kowa ya ce bai ga wanda ya yi ba.

*

Washegari labari ya iske mahaifinsa Illo a Dogarawa yana gyaran shinge. Illo mai bin sawu ne, ko in ce ya taɓa zama, don ciwon gwiwa ya sa ya jingine sanda. A zamaninsa ya bi ɓarayin shanu daga Bazaga har bayan Illela, yakan dubi ƙasa ya gaya maka ɓarawon dogo ne ko gajere, da kaya a kansa ko babu. Mutum ne mai riƙo, wannan kowa ya sani. Har yau ba ya gaisawa da wani maƙwabcinsa saboda akuyar da ta shiga masa wake tun ba a yi kwalta ba. Da ya ji abin da aka yi wa ɗansa, sai ya shiga ɗaki ya ɗauko sandar.

A gidan maɗori ya sami Hamani kwance a tabarma, hannun a ɗaure da kara da tsumma, ya kumbura har gwiwa. Wani mutum mai furfura a gemu yana zaune a gefensa, ya naɗe ƙafa, yana yi masa fifita. Ƙasimu ke nan, karen motar Hamani, ko aparanti kamar yadda ake cewa a nan. Ya girme ubangidan nasa nesa ba kusa ba, shi ya koya masa aikin mota tun daga wankin taya, kuma shi ya goyo shi zuwa gidan maɗori.

“Baba Illo, sannu da zuwa,” in ji Ƙasimu, idonsa ya yi ja. “Wallahi na yi iya ƙoƙarina, sun hi ƙarhina.”

Illo ya gyaɗa kai. Maɗori ya ja shi gefe ya gaya masa gaskiya ba ƙumbiya-ƙumbiya: hannu zai warke ya ci tuwo, amma juya sitiyarin babbar mota, wannan sai dai wani ikon Allah.

Ya dawo ya tsuguna a kan ɗansa. “Kai kaɗ ɗauka?”

“Baba, ni?”

“Tambaya nika yi.”

“Ban ɗauka ba.”

“Takalminka hwa?”

“Na tuɓe su bakin taya nik kwanta. Da sunka jawo ni, suna nan inda nib bar su.”

“Wa yas sauke maka weji?”

“Huskata na ƙasa, Baba. Ban gani ba.”

Illo ya daɗe yana kallon hannun. Shi ya sayar da bijimin nomansa aka yi wa yaron nan takardar tuƙi. Ya ji wani abu mai zafi ya taso masa daga ciki ya tsaya a maƙogwaro, bai kuma yi niyyar haɗiye shi ba. Ya ce, ba da ƙarfi ba, “Hannun da yat taɓa motocin nan, da hannun da yak karya wanga, dut sai na karya su. Ku shaida.” Mafici ya ɗan tsaya a hannun Ƙasimu, sannan ya ci gaba.

*

Ya ratsa gareji zuwa buro, idonsa a ƙasa kamar kullum. Taro ya tattake komai, ƙasar ta zama kamar masussuka. Manyan motoci na jere, kowace da weji guda a bayan tayarta, sai ta Hamani kaɗai da aka sa wa biyu, gaba da bayan tayar hagu. Ɗan'azumi, wani direba mai yawan surutu da ke raka shi, ya ga yana kallo ya yi dariya.

“Aikin Ƙasimu na. Tun da mota taz zame ta murƙushe mai yatsun ƙahwa, bai koma yarda da weji guda ba. Ko keke ka ba shi, biyu za shi sa.”

Illo ya wuce ya shiga buro, don ba hira ta kawo shi ba. Alhaji Lurwanu na zaune gaban kabad ɗin da babu komai, ya rame a kwana ɗaya kamar mai takaba. Bai tambayi jikin Hamani ba. Abin da ya fara cewa shi ne, “Malam Illo, ka ce ma ɗanka shi maido min Gimbiya. In yam maido, ba ruwana da jandarma. In yaƙ ƙiya, da ya iya tashi za su kai shi kaso Ƙonni.”

“Ni za ni maido maka su,” in ji Illo. “Amma ka san ƙa'idata tun zamanin shanu. In na maido garke, ni ka zaɓen guda cikinsu, wadda nig ga dama.”

“Ko biyu,” in ji Alhaji da sauri, a gaban Ɗan'azumi da sauran waɗanda suka leƙo. “Na yarda.”

A ƙarƙashin tagar an kife wani tsohon kwano a kan sawun da ya rage. Illo ya ɗaga. Ƙafar dama ce, guda ɗaya tak, takalmin taya mai faci a dunduniya. Ya san facin, don a gabansa aka buga shi a kasuwar Dogarawa. Sawu guda takalmi kawai yake nunawa, ba ya nuna tafiyar mutum, kuma takalmin na ɗansa ne. Ya mayar da kwanon ya miƙe da ƙyar, a karon farko yana tsoron abin da ƙasa za ta gaya masa.

*

Masu cewa ba Hamani ba ne, su kuma Takama suke zargi, mai zubin tukwanen dalma a bayan kasuwa. Wai an ga hayaƙi a maƙerarsa ranar Juma'a, wai tuni motocin Alhaji sun zama ludayi da murfin tukunya. Illo ya iske shi yana zuga wuta, gumi na ɗiga ta gemunsa. Sa'o'in juna ne, don haka bai yi masa kwana-kwana ba.

Takama ya tofar da yawu. “Ni in narka wanga ƙarhe? Illo, ka tsuhwa. Abin nan ko cokali ba shi yi, hwashewa shika yi awa busasshen tuwo. Na san shi, ai ni niy yi ma Gimbiya ƙahwa.”

“Wace ƙahwa?”

“Tayar gaba ta dama. Ta ɓace ma Alhaji, yaz zaka nan awa zai kuka. Niz zuba mai wata. Sai dai tawa sumul take, ba ta da zanen da sauran ad da shi. Har yau bai yahe min ba.” Ya ci gaba da zuga, can ya ƙara da cewa, “Ni ma an yi min sata, ba wanda yad damu. Matattun pil da shika zubarwa bayan buro, ni ka tsintarsu in ɓare ɓawon in yi liƙi da shi. Wanga karo na tai, ko guda ban ishe ba. An tone jujin tas.”

Illo ya riƙe wannan a ransa, ko da yake bai san inda zai ajiye shi ba tukuna.

Wasu kuma suka ce Ɗan'azumi ne, tunda yana yawan ƙetara iyaka, wai ya sayar da su da naira. Illo ya hau motar kasuwa har Ƙonni, ya bi rumfunan 'yan gwanjo da masu gyaran rediyo ɗaya bayan ɗaya. Aka yi ta yi masa dariya, tsoho da sanda yana cigiyar motar wasa. Ba wanda ya ga ko ƙyallinsu. Ya dawo da ƙura a ƙafa da baƙin ciki a zuciya, ya tarar jandarma sun leƙo gidan maɗori sun tambaya ko mai laifin ya fara tashi.

*

Ranar kasuwar Dogarawa ya zauna a gindin wata bishiyar bedi don gwiwarsa ta huta, ya sayi fura a wurin Hindu, Bafulatanar da ke kawo nono daga rugar yamma. Ta zo a makare, tana ta mita.

“Hindu, yau shanun sun yi yaji na?”

“Bari, Baffa. Hanya nis sake. Na bar bi ta ramin tsakuwa, sai na kewaya ta bayan gonaki.”

Ramin tsakuwa wani tsohon wuri ne tsakanin Malbaza da Dogarawa inda masu aikin hanya suka haƙi ƙasa suka bar shi, ba mai zuwa sai awaki.

“Mi ag ga ramin?”

Ta rage murya. “Mutanen ɓoye. Da rana tsaka, in rana ta take, sai ka ji kuka daga ƙasa. Ba na mutum ba, ba na dabba ba. Shina tashi awa motar likita, sai shi ja, shi ja, shi mutu awa wanda yunwa ta kashe. Jakina da yaj ji shi, saura kaɗan shi zubar min da ƙwarya.”

Illo ya ajiye ludayi. Shi ma yana da tocila, ya kuma san abin da talaka ke yi wa mataccen pil: ya ɗan cije shi, ya shanya shi a rana, ya samu ya ƙara yi masa aiki kaɗan. Wanda ya saci motoci ya tarar ba sa kuka, ba zai iya shiga kanti ya sayi ƙananan pil ba a garin da kowa ke baza kunne, sai ya tone juji. Ɓarawon da ke son sayarwa ba ruwansa da kuka. Wannan so yake ya ji. Ya biya Hindu ya tashi, furar ma bai shanye ba.

*

Ya isa ramin da hantsi, ya sauka ta gefen da yashi ya kwanta. Nan ƙasa ta fara yi masa magana yadda ya saba. Ga takalmin taya mai faci, zuwa ɗaya, na ranar Juma'a, iska ta fara cinye gefensa. Amma yanzu ƙafa biyu ce. Ta dama tana taka ƙasa sosai, ta hagu kuwa dunduniya ce ke nutsewa, gaban ba ya kama ƙasa, kamar mai tsoron ƙaya. Illo ya san tafiyar ɗansa tun yana tatata, wannan ba ita ba ce. Ya sauke ajiyar zuciya, ya ji kunyar zargin da ya yi, kunyar kuma ta ƙara wa fushinsa wuta. A kan tsohon sawun akwai sababbi da yawa, na silifa, masu irin wannan ɗingishin, suna zuwa suna komawa.

Sai ga wani sawun da bai taɓa bi ba duk tsawon aikinsa: layi biyu sirara a kan yashi, faɗinsu bai fi yatsa uku ba. Uku daga cikin tayoyin suna barin zane, ɗaya sumul. Gimbiya ce. Ya bi ta a tsugune. An tuƙa ta ta kewaye wani dutse, an kai ta gaba, an dawo da ita da baya a hankali, an gyara mata tsayuwa kamar yadda ake shigar da babbar mota gareji. Ba wasan yara ba ne wannan, wanda ya yi ya san mota.

A ƙarƙashin wata gaɓa da ruwa ya rarake, a bayan busassun ƙayoyi, ya same su. Suna jere reras, hancinsu na kallon waje. A kan wani faffaɗan dutse an shanya pil, kowane da shaidar haƙori. Illo ya kwanta rub da ciki ya leƙa ƙarƙashin motocin, ya daɗe a haka. Da ya tashi bai taɓa komai ba. Ya mayar da ƙayoyin yadda suke, ya share sawunsa da reshe, ya hau sama yana murmushin da ba na daɗi ba.

*

Washegari da safe ya ce wa Alhaji ya tara mutanensa, direbobi da karnukan mota, a kira Takama, a gayyato jandarma guda. Ya ce ba zai faɗi inda za su ba, a dai ɗauki motar Hamani, Ɗan'azumi ya tuƙa. Alhaji ya zuba sababbin pil a aljihu ya shiga gaba yana rawar jiki. Da suka kai gangaren da ke bakin ramin, Illo ya buga ƙofa ya ce a tsaya nan.

Wurin gangare ne, birkin kuma kowa ya san halinsa. Ɗan'azumi ya leƙo ta taga ya ce, “Weji.”

Kafin ya rufe baki Ƙasimu ya diro. Jikinsa ne ya yi aikin, ba shi ba, don fuskarsa ta riga ta canza tun da ya ga inda aka nufa. Ya ɗingisa a kan yashi, ya cusa weji a bayan tayar hagu, ya koma ya ɗauko na biyu ya cusa a gabanta.

“Kowa shi tsaya inda shike,” in ji Illo. “Ku dubi tayar nan da kyau. Ku dubi sawun da yab bari. Kun gani? To, ku biyo bayana, kada wanda yat taka gabana.”

Suka sauka a jere. Ya nuna musu takalmin Hamani da tafiyar da ba ta Hamani ba. Ya nuna musu sawun tayar da Takama ya zuba, Takama ya ce, “Tawa ta, sumul.” Sannan ya janye ƙayoyin. Alhaji ya yi wani sauti ya zabura, Illo ya tare shi da sanda a ƙirji.

“Ba yanzu ba, Alhaji. Ku duƙa ku dubi ƙarƙashinsu.”

Suka duƙa, har jandarman. Kowace 'yar mota, tun daga Gimbiya har ƙaramar cikinsu, an sa mata tsakuwa biyu, ɗaya a gaba ɗaya a bayan tayar hagu ta baya. A kan shimfiɗaɗɗen yashi ne, inda ko ƙwai ba zai gangara ba.

“Direba ba shi sa weji,” in ji Illo. “Kiran a sa shika yi. Aparanti ka sawa, kuma guda shika sawa. Wa ka sa biyu garejinku?”

Duk suka juya. Ƙasimu na tsaye a bayansu, bai gudu ba, da wace ƙafar ma zai gudu. Ya dubi Alhaji, muryarsa ba ta rawa.

“Tun ban da gemu nike bayan motarka. Na ji kukan Gimbiya ya hi a ƙirga, dut na wasu. Waɗanda nik koya ma riƙon sufana, su ka dannawa, ni ina waje riƙe da weji. Kullum sai ka ce baɗi. Da ƙahwata tal lalace cikin aikinka, kac ce gurgu ba shi taka kuloci. Hamani, ni nik koya mai ribas. Ranar da yad danna ta, ni niw wanke mai mota. Na so in ji ta da yatsana. Kuma na so ka ji abin da nika ji.”

“Hannun ɗana hwa?” in ji Illo.

Ƙasimu ya sunkuyar da kai. “Da nig ga sun kama shi, sai nig ga hannun nan bisa ƙasa, wanda anka ba makullina. Ban san sa'ad da niɗ ɗaga ba.”

Mutanen da suka yi wa Hamani taron dangi su ne yanzu suka fara matsowa suna zage-zage, kowa na son ya wanke kansa da jinin wani. Illo ya daka musu tsawa suka tsaya. Wannan nasa ne, ba zai raba da kowa ba. Ya aika aka ciro weji guda daga tayar motar, aka kawo masa. Ya auna nauyinsa a hannu. Jandarman ya matso zai yi magana, sai Ƙasimu ya durƙusa da kansa, ya shimfiɗa hannun damansa a kan dutsen da ya shanya pil.

“Karya shi, Baba Illo. Bai taɓa riƙon makullin mota ba, ba shi kuma riƙewa. Ba abin da za ka raba ni da shi.”

Illo ya tsaya da weji a sama. Kwana da kwanaki yana ganin wannan lokacin a ransa, yana jin ƙarar ƙashin tun kafin ya karye. Sai ga shi an miƙo masa hannun da ba a bakin komai yake ba. In ya karya, mutumin nan zai ce sun yi daidai, alhali ba su yi ba. Ya sauke wejin a hankali, ba don tausayi ba, ko kusa.

“A'a. Tahi da shi lahiya lau. Ka shiga kaso da shi, ka hito da shi, ka zamna bakin kwalta kana kallon motoci na wucewa. Hannunka garau, kuma ba mai ba ka makulli har ka mutu. Ɗana in anka tambaye shi, shi ce an karya shi. Kai mi za ka ce?”

Sai a lokacin Ƙasimu ya fashe da kuka. Jandarman ya ɗaga shi ya fita da shi daga ramin.

Alhaji kuwa tuni ya durƙusa yana hure wa motocinsa ƙura, yana kiran sunayensu. Ko sunan Hamani bai ambata ba. Ya ɗauki Gimbiya ya sa mata sababbin pil.

“Saura ladana,” in ji Illo.

“Zaɓi, Malam Illo, zaɓi. Ga ta 'yan sanda, ga ta likita, ƙirar Ingila ta.”

“Wadda ag ga hannunka.”

Alhaji ya ƙanƙame ta a ƙirji. Ya ce a ɗauki biyar a bar masa ita. Ya ce zai ba da saniya, zai ba da sa, zai ɗauki nauyin maganin Hamani. Illo dai hannu ya miƙa. Ɗan'azumi, wanda bakinsa ba ya shiru, ya ce, “Gabanmu kay yarda, Alhaji.” Sauran suka yi gunaguni, babu mai goyon bayansa. Ya miƙa ta kamar ana zare masa rai.

Illo ya ɗora ta a kan dutsen, daidai inda hannun Ƙasimu ya kwanta. Ya danna maɓallin da kaurin yatsansa. Jiniya ta tashi tsaf, mai kaifi, ta cika ramin, direbobin suka sunkuyar da kai don kowa ya tuna ranarsa. Ya bar ta ta yi kuka sosai. Sannan ya ɗaga weji da hannu biyu ya sauke. Kukan ya yanke. Tsanin ya yi tsalle gefe, tayar Takama ta gangara cikin yashi. Ya ƙara mata, ya sake ƙarawa, har ta zama ba a gane gaba da baya.

“Kai ba ka bugi kowa ba, Alhaji,” ya ce yana haki. “Yatsa kan nuna, kash shige buro. Wanga ladan yatsan na.”

Ya jefar da wejin a gaban Alhaji, ya ɗauki sandarsa. Bai shiga motar ba, da ƙafa ya koma Malbaza.

*

Ya tarar da Hamani ya jingina da bango, an ajiye masa ƙwaryar fura a gefe bai taɓa ba. Labari ya riga shi isowa, kamar yadda ya saba. Mutane har sun fara zuwa sannu, waɗanda suka ja shi ta ƙafa su ne a gaba. Illo ya kore su duka ya zauna.

“An wanke ka,” ya ce. “Ba mai kai ka kaso.”

Hamani ya ce, “Ƙasimu. Shi ka rufa min bargo in mun kwana hanya.”

Illo bai yi nadamar komai ba, da za a maimaita da zai ƙara wa Gimbiya ɗaya. Amma ya zaci in ya gama, abin nan da ya tsaya masa a maƙogwaro zai faɗa, ga shi kuwa yana nan inda yake.

Daga bakin kwalta aka ji babbar mota ta taso da lodin siminti, tana gurnani tana sauya giya. Hamani ya karkata kai yana saurare har ta kai kwana, aka ji wani dogon ƙugi.

“Tawa ta,” ya ce. “Ba su gyara birkin ba.” Yatsunsa da suka leƙo daga cikin tsumma suka ɗan motsa za su damƙi wani abu, suka kasa.

Illo ya kawar da kai. Ya jawo ƙwaryar, ya dama furar da ta kwanta, ya ɗebo a ludayi ya kai bakin ɗansa. Rabon da ya yi haka tun Hamani bai fara tafiya ba.